Muryar Baba da Likitocin Hanyar Garwa

Bari in fara da gyara, tunda tun dawowarmu kowa a unguwarmu ta Nassarawo ya tsara nasa labarin. Ba sammu aka yi wa Babana ba. Ba aljanin tasha ne ya shaƙe shi ba. Ba cutar kansa ba ce, duk da akwai waɗanda suka riga suka fara yi mana kallon marayu. Ke kuma Jummai, ban je Kamaru sayen atamfa ba, ban kuma samo miji a can ba. Sati biyu na yi ina gadin maƙogwaron dattijo. Kun ishe ni da "yaya can ɗin yake?" To ga shi a rubuce, wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata ta karanta.

Ga wanda bai san shi ba, Babana ɗan kamasho ne a tashar mota a nan Mubi. Tun kafin a haife ni aikinsa ke nan, ya tsaya bakin mota yana "Yola! Yola! Saura mutum ɗaya!" alhali saura shida. Muryar nan ita ce gonarsa, ita ce shagonsa, da ita muke ci. Masu kawo hatsi daga Digil sukan ce tun kafin su ga tashar suke jin sa.

Bara muryar ta fara dishewa, ba wanda ya damu, don duk ɗan kamasho da ya san aikinsa muryarsa a dishe take. Hancinsa ma ya daɗe yana toshewa, yana fitar da busasshiyar majina mai wari, ya ce hayaƙin mota ne. Da abin ya ƙi, sai Kawu Buba, amininsa kuma abokin aikinsa, ya buɗe masa baki a tsakiyar tasha ya leƙa, ya yanke hukunci: beli ne. Suka je wurin wanzami aka cire ɗan naman nan na can cikin baki, aka kawo mana shi gida a kan auduga kamar an kama ɓarawo. Beli ya tafi, murya ba ta dawo ba. Daga baya ma numfashinsa ya fara fito, in ya yi ɗan sauri sai ka ji kamar buta ta tafasa. A asibiti aka gwada kakinsa aka ce ba tarin fuka ba ne, sai dai mu nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, mai na'urar leƙawa ciki. Aka ce ko Yola ko Garwa ta ƙasar Kamaru. Baba ya zaɓi Garwa, saboda ƙanwar Mama, Inna Asta, can take aure. Ni kuma aka zaɓe ni rakiya don na gama sakandare, kuma ni ce mai baki. A gidanmu wannan kalmar ba yabo ba ce, amma ran nan ta zama takardar ɗaukar aiki.

Tun a tasha na gane cewa ƙasar nan ba ta da ƙarancin likitoci, ba su dai zauna a asibiti ba ne. Abokan aikin Baba suka ba mu gidan gaba, suka kewaye tagar, kowa da nasa. Wannan ya ce kanwa da ruwan zafi, wancan ya ce ɗanyen ƙwai da zuma, wani ya ce man shanu da safe. Kawu Buba ya riƙe hannun Baba ya ce, "Aboki, duk abin da za su ce, kada ka bari su yanka ka."

Na ce, "Kawu, yankan ai kun riga kun yi."

Baba ya harare ni. Harara ba ta bukatar murya.

A Sahuda, bakin iyaka, jami'in da ke duba takardu ya tambayi Baba sunansa da inda za shi. Baba ya amsa, amma amsar ba ta wuce gemunsa ba. Mutumin ya sake tambaya, ya fara kumbura, a zatonsa raini ne. Na kutsa kai na ce, "Ranka ya daɗe, ba girman kai ba ne, muryar ce babu. Nemanta za mu je yi." Nan take fuskarsa ta sake. Ya ajiye biro, ya gyara zama, ya ce in samo citta da lemon tsami da tafarnuwa in kirɓa. Ya yi mana bayani dalla-dalla har da yadda ake tacewa, mutane na tsaye a layi a bayanmu. Na yi godiya kamar zan yi. Da muka tsallaka, na wancan ɓangaren shi ma ya ba da nasa cikin Fulatanci, ya ce ganyen wata bishiya. Ashe ilimin bai san iyaka ba.

Daga nan mashin muka hau zuwa Bukula, sannan wata tsohuwar mota da ban san me ke riƙe da ita ba in ba addu'ar fasinja ba. Damina ce, hanyar kuwa duk inda ba rami ba ne to dutse ne. Muka iso wani mayo, wato rafi, da ruwa ya ɗan taso, direba ya ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa, maza su tura. Baba, wanda ko tafiya da sauri ke gagara, ya naɗe wando ya nufi bayan mota, wai kunya ce a gan shi tsaye ana turi. Na riƙe rigarsa. Ya fizge. Na ɗaga murya na ce, "Direba, in mutumin nan ya faɗi a ruwan nan, kai za ka kai shi Garwa a goye." Direban ya dube ni ya dubi Baba, ya ce da irin Hausarsu, "Baba, zauna. Wannan yarinya naka ya fi soja." Takalmina ɗaya ya bi ruwa a wurin. In akwai wadda ta gan shi ya biyo Binuwai, nawa ne.

A Gidar ne na ga abin da ya girgiza Babana fiye da ciwon. Tashar da muka shiga don hawa motar Garwa shiru take kamar ɗakin jarrabawa. Ka je taga, a rubuta sunanka a tikiti, ka zauna a benci. In lokaci ya yi wani ya ɗauki lasifika ya riƙa kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shiga ya zauna. Ba mai jan jakarka, ba mai rantse maka cewa yanzu za a tashi. Baba ya daɗe yana dube-dube. Can ya jawo ni kusa, ya sa baki a kunnena, don haka muke hira a lokacin. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. Ya ce, "Uwata, to irinmu a nan me suke ci?" Na buɗe baki in ba shi amsa irin tawa, sai na ga idonsa. Na yi shiru. Ku rubuta wannan, don ba ya faruwa sau biyu a shekara.

Garwa gari ne mai zafi, zafin da ke sa mutum ya yafe wa Mubi duk laifinta. Inna Asta ta karɓe mu hannu biyu, ta ba Baba ɗakin zaure, ni kuma ta haɗa ni da 'ya'yanta mata uku da ke magana da Faransanci in suna so su yi gulmata, su koma Fulatanci in suna so in ji. Da safe ake kawo wani dogon burodi mai tauri da za a iya korar akuya da shi, sai ka jiƙa shi a shayi ka ba shi haƙuri kafin ya ciwu. Akwai wani rogo da ake naɗewa a ganye a ɗaure da zare kamar laya, warinsa ya riga shi isowa, amma da gasasshen kifi na ci na ƙara. Kifinsu kam ban da abin cewa. Miyar yakuwa kuwa kullum, rana da yamma, har na fara jin tsami a mafarki. Duk wanda ya ji daga Najeriya muke sai ya ja da baya kaɗan yana jiran mu fara ihu. Baba ya ba su kunya, ni na fitar da ƙasarmu kunya.

Inna Asta ma likita ce, ban da labari. Ta ce hayaƙin habbatussauda. Na ce Inna, mutumin da hayaƙi ya kawo shi nan?

Washegari muka je asibitin. Likitar mace ce, 'yar kudancin ƙasar, gajera, ba ta da yawan fara'a, abin da ya sa na so ta nan take. Ba ta jin Hausa, sai wani nas, Malam Hamadu, yake yin tafinta. Aka zaunar da Baba.

Malam Hamadu ya ce, "Likita ta ce yaya jikin?"

Baba ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na murya ya ce, "Da sauƙi."

"Numfashin fa, yana wahalar da kai?"

"Alhamdu lillahi."

"An taɓa yi maka wani aiki a maƙogwaro?"

Baba ya girgiza kai.

Na miƙe tsaye. Mun hau mashin, mun taka mayo, na yi asarar takalmi, don mu zo mu shaida wa matar nan cewa lafiyarmu ƙalau. Na ce, "Baba, in da sauƙi mu koma gida mana, me muke yi a nan?"

Ya jawo ni ya raɗa mini, "Uwata, so kike in zauna gaban 'yar mutane ina kukan ciwo kamar yaro? Mutum ya gode wa Allah."

Malam Hamadu ya yi dariya ya ce, "Zauna, 'yar Najeriya. Jiya an kawo wani kwance a bayan mota, shi ma da sauƙi ya ce. Likita ta daina rubuta amsar farko tun shekararta ta farko a garin nan."

Ashe tana da dabararta. Ta tashi ta fita da mu zuwa matakalar bene, ta ce Baba ya hau ya sauko. Ita ta tsaya a ƙasa ta karkata kai, ba ta ko kallonsa. Kafin ya kai rabi fiton ya cika wurin. Ta ɗaga yatsa ta ce wani abu, Malam Hamadu ya fassara: "Ta ce wannan ce amsar da take nema."

Muka koma ciki, ta danne masa harshe ta haska fitila. Sai ta tsaya, ta sake leƙawa, ta juyo ta yi tambaya. Malam Hamadu ya cije leɓe ya ce, "Ta ce ina belinsa?"

Na ce, "Yana Mubi."

Baba bai yi mini magana ba har la'asar, wanda a halin da yake ciki ba wani babban horo ba ne.

Daga nan ta fesa masa magani a hanci, ta zura wata siririyar roba mai fitila a bakinta ta cikin hancin, sai ga cikin Babana a talabijin. Ni da nake cika baki sai da na riƙe kujera. Ta nuna mini cikin hancin, duk ɓawo da wani nama mai tauri. Ta gangara har inda murya ke fita, ta nuna wasu 'yan tantani biyu da ya kamata su riƙa buɗewa suna haɗuwa, ƙarƙashinsu kuma hanyar iska ta tsuke. Ta ce da ido kaɗai ba za ta iya rantsuwa ba, don tarin fuka da kansa da wasu cututtukan duk suna iya yin wannan kama. Sai an tsinko ɗan nama an aika ɗakin gwaji. A duk tafiyar nan ita ce mutum ta farko da ta ce ba ta sani ba tukuna, kuma ita kaɗai ce ta yi karatun abin.

Aka sa masa barci aka tsinko naman. Sai jira. Kwana tara ina cin yakuwa, ina koya wa 'ya'yan Inna Asta zagin Mubi, Baba kuma kullum da hantsi sai ya sa in raka shi tasha ya zauna yana kallon mai lasifika kamar mai kallon wanda ya aure masa budurwa.

Da sakamako ya fito likita ta ce ba kansa ba ce. Wata ƙwayar cuta ce ta bakteriya da ba kasafai ake gamuwa da ita ba, sunan ciwon sikileroma. Na sa ta rubuta mini don kada a ce ƙirƙira na yi. Ta ce daga hanci take farawa, ta yi shekaru tana gangarawa a hankali, tana tara nama mai tauri, har ta kai maƙogwaro. Ta ce tana da magani, amma maganin na masu haƙuri ne: ƙwaya kullum, wata shida ko fiye, da dawowa a sake leƙawa. Ta ce muryar za ta fara dawowa tun kafin cutar ta mutu, kuma a nan mutane ke faɗawa rami, su ga sauƙi su daina. In aka daina ta dawo, tabon ya ƙara tsuke hanyar, to sai an huda wuya an sa bututu don ya sha iska. Malam Hamadu ya ɗora yatsa a ƙasan maƙogwaron Baba ya ce, "A nan." Ta ƙara da cewa ban da kira, ban da ihu, kuma maganin nasa ne shi kaɗai, ba na kowace dishewar murya ba ne. Baba ya gyaɗa kai sau uku. Ni da na san shi ya kamata in tsorata da wannan gyaɗawar.

Dawowa ba ta da labari, sai dai jami'in Sahuda ya gane mu ya tambaya ko mun gwada cittar. Na ce ita ce ma ta yi aikin. Ya ji daɗi ƙwarai.

Bayan sati shida murya ta fara dawowa. Ranar da Baba ya yi sallama daga zaure muka ji shi a tsakar gida, Mama ta zauna ta yi kuka. Sai ya fara zuwa tasha, wai gaisawa kawai. Ni kuma na saki jiki, na bar masa maganin a ɗakinsa, tunda ba yaro ba ne.

Ran Talatar da ta wuce ina share ɗakin na ɗaga gwangwanin maganin, na ji shi sakayau. Abin da ya kamata ya kai mu ranar komawa ya kusa ƙarewa. Na sa hijabi na nufi tasha. Na tarar da Baba da abokan aikinsa a inuwa, Kawu Buba na warware wata 'yar takarda, ga ƙwayar Babana a ciki, yana miƙa wa wani direba.

Na ce, "Kawu, wannan fa?"

Ya ce, "Maganin Faransa ne, ɗiyata! Biyu na sha, ji muryata."

Na ce, "Na ji ta. Tana nan kamar ana jan buhu a kan kwalta."

Ashe duk tashar an sha. Mai dishewar murya ya sha, mai mura ya sha, har wani mai ciwon haƙori an sam masa ɗaya don kada ya ji an ware shi. Baba kuma ya koma shan nasa ran da ya tuna, tunda da sauƙi. Na juya kansa. Ban yi ihu ba, don ban yarda da muryata ba a lokacin. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwata, mutanen nan su suka riƙe mini wurina wata da watanni. Su suka riƙa aiko wa uwarki cefane ba ki sani ba. Su dube ni su ce in sam musu ƙwaya ɗaya, in ce a'a? Da wane bakin?"

Gaskiya ya faɗa, ba shi da wannan bakin. Sai ga mota ta shigo, ya manta da kansa ya tashi da sauri ya kama wata jaka. Taku biyar ya yi. Na karkata kai yadda na ga likita ta yi, na kuwa ji shi, ɗan siriri, can ƙasa. Fiton.

Na ce, "Kawu Buba, zo ka sa kunne." Ya zo ya saurara. Na ɗora yatsa a ƙasan maƙogwaron amininsa na ce, "A nan za su huda. Kai ka ce kada ya bari a yanka shi, ko?" Kawu ya naɗe takardar nan ya sa mini a hannu, ya juya ya shiga bin direbobi yana karɓo abin da ya rage a aljihunsu.

Na kira Malam Hamadu a waya na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya ce likita ta ce kada mu jira ranar da aka sa mana, mu taho. Jibi za mu tashi, na sayi takalmi mai maɗauri.

Ga abin da na yanke. Gwangwanin ya koma akwatina, mabuɗin yana wuyana. Kullum ni zan ba shi da hannuna, in tsaya sai na ga ya haɗiye, ko da a tsakiyar tasha ne. Na gaya wa 'yan kamasho duka cewa mai son ƙwaya ya daina tambayar Baba, ya zo wurina. Shi ba ya iya cewa a'a, ni kuwa tun ina goye na iya. Mai jin muryarsa ta daɗe a dishe kuma, akwai wuri a mota, ya biyo mu a leƙa masa.

Jiya da yamma Baba ya same ni ina haɗa kaya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Uwata, in matar nan ta tambaye ni yaya jiki, me zan ce mata?"

Na ce, "Ka ce da sauƙi, Baba. Ni zan fassara."